MAKIN JARRABAWA DA ƘOFAR MANYAN JAMI'O'IN AMURKA

Aikin malami ba ya rabuwa da ba da maki. Tun daga ranar da za mu fara fita koyarwar gwaji har ranar da za mu ajiye alli, za mu riƙa duba takardun yara muna rubuta musu lamba da jar tawada. Lambar nan kuwa tana da nauyi, gama da ita a kan ciyar da yaro gaba, da ita kuma a kan bar shi a baya. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi na wannan kwaleji ya san abin da maki ya ke nunawa, ya kuma san iyakar abin da ya ke iya nunawa. Mutanen Amurka sun yi shekara ɗari suna gardama a kan wannan magana wajen zaɓen waɗanda za su shiga manyan jami'o'insu. Sun ɗauki jarrabawa, sun ajiye ta, sa'an nan da yawansu suka koma suka ɗauko. Bari mu bi labarin daki-daki, mu ga abin da malami zai tsinta a ciki.

1. Jami'o'in da a ke magana a kansu

Amurka tana da jami'o'i da kwalejoji dubbai, kuma yawancinsu su kan karɓi fiye da rabin waɗanda suka nemi shiga. Ba su ne abin duba a wannan darasi ba. Waɗanda mu ke nufi 'yan kaɗan ne, waɗanda masu nema suka yi wa yawa ƙwarai. Akwai guda takwas a arewa maso gabashin ƙasar da a ke kira Ivy League, su ne Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell. Masu bincike su kan haɗa su da waɗansu huɗu, watau Stanford, MIT, Duke da Jami'ar Shikago, su zama goma sha biyu.

Domin a gane irin cunkoson da ke bakin ƙofarsu, mu ɗauki Harvard, wadda aka kafa tun 1636. Cikin shekarar 2022 mutum 61,220 suka nemi shiga, aka karɓi 1,954. Watau cikin kowane mutum ɗari, uku kaɗai aka ce wa su shigo.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin damuwa, tun da akwai waɗansu makarantu? Dalili shi ne, daga jami'o'in nan masu mulkin ƙasar su kan fito. Wani bincike da shehunan malamai uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, suka fitar a 2023 ya nuna waɗanda suka yi karatu a jami'o'in nan goma sha biyu ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na jama'ar Amurka ba, amma duk da haka su ne wajen rubu'in 'yan Majalisar Dattawa a lokacin, su ne kuma kashi uku cikin huɗu na alƙalan Kotun Ƙoli da aka naɗa cikin shekara hamsin kafin binciken. Ashe wanda ke tsaron wannan ƙofa yana da hannu wajen zaɓen shugabannin gobe.

2. Asalin jarrabawar

A zamanin da, kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar shiga. A 1900 waɗansu daga cikinsu suka haɗa kai suka kafa hukumar da a ke kira College Board, ta fara ba da jarrabawa ɗaya ga kowa a 1901. Jarrabawar ta rubuta dogayen amsoshi ce a kan Latin, tarihi, lissafi da sauran darussa. Aibinta shi ne, sai yaron da ya fito daga makarantun masu kuɗi na gabas, inda a ke koyar da ainihin littattafan da za a tambaya, ya ke iya cin ta da sauƙi.

A 1926 aka fito da sabuwa mai suna SAT, yara wajen 8,000 suka zauna ta karo na farko. Wanda ya tsara ta shi ne Carl Brigham na Jami'ar Princeton, wanda ya yi aikin gwada basirar sojoji lokacin yaƙin duniya na farko. Bai kamata a ɓoye wani abu game da mutumin nan ba. A 1923 ya rubuta littafi yana cewa gwajin sojojin ya nuna mutanen arewacin Turai sun fi sauran jinsi basira. A 1930 shi da kansa ya janye maganar, ya yarda ba ta da tushe. Masu ƙin jarrabawar har wa yau su kan tuna wa mutane wannan asali.

Amma wanda ya ɗaukaka jarrabawar da wata niyya dabam ya yi. James Conant ya zama shugaban Harvard a 1933, ya ga makarantar ta cika da 'ya'yan attajiran gabas. Ya so ya nemo yara masu ƙwazo daga ƙananan garuruwan tsakiyar ƙasar, waɗanda ba wanda ya san makarantunsu ko iyayensu, ya ba su sukolashif. Ta yaya za a gwada yaron ƙauye da yaron babbar makaranta? Sai da awo guda. Daga 1934 aka fara zaɓen yaran sukolashif ɗin da SAT. Bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a 1941 aka daina tsohuwar jarrabawar rubutu, SAT ta gaje ta. A 1959 kuma aka fito da kishiyarta mai suna ACT daga jihar Iowa. Jami'o'i su kan karɓi ko wacce daga cikin biyun.

Mu riƙe wannan: tun farkonta jarrabawar tana da fuska biyu. Waɗansu sun so su tabbatar da fifikon da suka riga suka gada da ita, waɗansu kuwa sun so su buɗe wa ɗan talaka hanya da ita.

3. Yadda makin ya ke

SAT kashi biyu ce. Ɗaya karatu da rubutun Turanci, ɗaya lissafi. Kowane kashi makinsa daga 200 zuwa 800, jimla daga 400 zuwa 1600. Tun 2024 a kwamfuta a ke yin ta a Amurka, cikin awa 2 da minti 14, tambayoyi 98. ACT kuwa makinta daga 1 zuwa 36. Cikin waɗanda suka gama sakandare a 2024, kusan miliyan biyu suka zauna SAT, matsakaicin makinsu ya ɗan haura 1,000. Yawancin waɗanda a ke karɓa a Harvard da takwarorinta kuwa makinsu daga 1500 ne zuwa sama, makin da wajen mutum biyu kaɗai cikin ɗari su ke samu.

Akwai wani abu da duk mai ba da maki ya kamata ya sani. Ba awon da ba ya ɗan motsi. In yaro ɗaya ya zauna jarrabawar nan yau, ya sake zama bayan mako guda ba tare da ya ƙara sanin kome ba, makinsa yana iya hawa ko sauka da 30 ko 40. Hukumar da ke ba da jarrabawar ita da kanta ta kan nuna wa yaro wannan tazara a takardar sakamakonsa. Saboda haka bambancin 1540 da 1570 ba shi da wata ma'ana mai yawa. Amma bambancin 1200 da 1500 babban abu ne.

4. Maki ya kan kai mutum zaure

Mutane da yawa su kan zaci jami'o'in nan jera masu nema su ke yi bisa ga maki, su yanka daga sama har wuri ya cika. Ba haka su ke yi ba. Mu yi ɗan lissafi. Biyu cikin ɗari na miliyan biyu ya kai wajen 40,000. Wuraren 'yan ajin farko na jami'o'in nan takwas duka, in an tara su, ba su kai 20,000 ba. Ke nan ko da a ce ba a duba kowa sai mai 1500, tilas ne a mai da fiye da rabinsu gida.

An ga tabbacin wannan a gaban shari'a. Wata ƙungiya ta kai Harvard ƙara a 2014 tana cewa a na tauye wa yara 'yan asalin Asiya haƙƙi wajen zaɓe, aka fito da takardun makarantar fili. Takardun sun nuna a shekara guda masu nema fiye da 8,000 sun zo da cikakken sakamako daga sakandare, ba ragi ko kaɗan. Fiye da 3,000 sun cinye makin lissafin SAT duka, wajen 2,700 kuma sun cinye na Turanci duka. Waɗanda za a karɓa kuwa wajen 2,000 ne.

To, da me a ke raba su? A kan duba darussan da yaro ya ɗauka a sakandare da wahalarsu. A kan karanta insha'in da ya rubuta a kan kansa, da takardun shaida daga malamansa. A kan duba abin da ya yi bayan aji, kamar kiɗa, wasanni, ko aikin taimakon jama'a. A kan kuma lura ko gwanin wasa ne wanda makaranta ke bukata, ko ɗan tsohon ɗalibinta ne. Har zuwa Yuni 2023 a kan duba launin fatarsa domin a taimaki jinsin da aka danne a da, amma a watan nan Kotun Ƙoli ta hana.

Saboda haka maki mai kyau ya kan shigar da mutum zaure ne, ya zauna tare da dubban baƙi irinsa. Wanda za a ce wa ya shige cikin gida, da waɗansu abubuwa a ke zaɓensa. Wanda makinsa ya yi ƙasa ƙwarai kuwa, da wuya ko zauren ya taka.

5. Ko maki yana nuna abin da yaro zai yi a jami'a?

Nan ne gindin gardamar. Akwai wani tarko da ya kamata mu fara kauce wa. In mutum ya dubi ɗaliban da aka riga aka karɓa kaɗai, zai ga makinsu kusan ɗaya ne, amma waɗansu sun yi fice, waɗansu sun yi rauni, sai ya ce ashe maki ba ya nuna kome. Wannan kamar wanda ya je filin kokawa ne ya ga dukan 'yan kokawar ƙarfafa ne, ya ga dabara ce ke raba su, sai ya ce ƙarfi ba shi da amfani a kokawa. Ya manta raunana tun a gida aka bar su.

Annobar korona ta ba masu bincike hanyar fita daga wannan tarko, gama a shekarun nan an karɓi yara da yawa ba tare da duba makinsu ba, saboda haka aka sami masu maki iri iri a aji ɗaya. A farkon 2024 John Friedman da Bruce Sacerdote da Michele Tine suka fitar da abin da suka samu a waɗansu daga cikin manyan jami'o'in nan. A Amurka a kan auna sakamakon ɗalibi da ma'auni mai tsayawa a 4.0. Sun ga ɗalibin da ya shigo da 1600 ya kan fi wanda ya shigo da 1200 da wajen 0.43 a ƙarshen shekarar farko. Amma wanda ya zo da cikakken 4.0 daga sakandare bai fi wanda ya zo da 3.2 da ko 0.1 ba. Sun kuma ga ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, in makinsu na SAT ɗaya ne, sakamakonsu a jami'a ya kan zo kusan ɗaya.

Amma akwai wani bincike da ya nuna wani gefe. A 2020 Elaine Allensworth da Kallie Clark suka bi sawun yara fiye da 55,000 da suka gama makarantun gwamnati na birnin Shikago suka tafi jami'o'i dabam dabam. Suka ga sakamakon sakandare ya fi makin ACT nuna wanda zai daure har ya gama digiri, nesa ba kusa ba.

Binciken nan biyu ba ƙaryata juna su ke yi ba. Sakamakon shekara huɗu a aji yana nuna naci, da zuwa makaranta kullum, da gama aiki a kan lokaci, kuma waɗannan su ke kai mutum ƙarshen karatu. Cikin jama'a masu yawa wannan shaida tana da ƙarfi. Amma a bakin ƙofar Harvard kusan kowa da cikakken sakamako ya ke zuwa, domin makarantun sakandare na Amurka sun daɗe suna sakin hannu wajen ba da maki. In kowa ya zo da shaida iri ɗaya, shaidar ba ta raba kowa da kowa. A nan ne jarrabawar bai ɗaya ta ke da abin faɗi.

6. Maki da dukiya

Babban ƙorafin da a ke yi wa jarrabawar shi ne tana bin arzikin iyaye. Ƙorafin gaskiya ne. Binciken Chetty da abokansa ya nuna yaron da iyayensa ke cikin kashi ɗaya bisa ɗari mafi dukiya ya fi yaron gidan talakawa damar samun 1300 ko fiye har sau 13.

Amma mu tambayi kanmu, daga ina bambancin ya fito? Mudu a kasuwa yana auna hatsin da manomi ya kawo. Wani ya kawo mudu hamsin, wani ya kawo goma. Mai goma yana iya zama rago, yana kuma iya zama ya fi mai hamsin ƙwazo, sai dai gonarsa tsandauri ce, ba shi da taki, ruwa kuma ya ɗauke masa da wuri. Mudun bai yi ƙarya ba, amma ba shi da bakin da zai ba da labarin gonar. Haka maki ya ke. Ɗan mai kuɗi ya tashi cikin littattafai, ya shiga makaranta mai ƙwararrun malamai, an ɗaukar masa mai koya masa a gida, yana kuma iya sake zaman jarrabawar sau biyu ko uku. A Amurka kuwa babban rabo na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen unguwa ya ke fitowa, saboda haka unguwar masu kuɗi ta kan sami makaranta mai kyau. Jarrabawar awa biyu tana nuna abin da shekara goma sha bakwai suka tara. Fasa mudu ba zai sa gonar mai goma ta yi albarka ba.

7. An ajiye jarrabawa, an koma an ɗauko

Kwalejin Bowdoin ce ta fara ce wa masu nema, tun 1969, wanda ya ga dama ya aiko da makinsa, wanda bai ga dama ba ya bari. Jami'ar Shikago ta bi sawu a 2018. Da annobar korona ta rufe ɗakunan jarrabawa a 2020, kusan dukan manyan jami'o'in suka yi haka. Jami'ar Kalifoniya ta wuce nan. Ko da ya ke kwamitin malamanta ya ba da rahoto a farkon 2020 cewa makin yana da amfani, ya kuma ba da shawarar a riƙe shi tukuna, hukumar jami'ar ta yanke a watan Mayu na shekarar a janye shi, daga 2021 kuma aka daina duba shi sam.

Ba a daɗe ba waɗansu suka fara sake tunani. MIT ce ta fara komawa a watan Maris na 2022. Dalilinta shi ne kowane ɗalibinta tilas ya yi lissafi mai zurfi da kimiyya tun shekarar farko, kuma makin lissafi na taimaka mata ta gane wanda ya shirya, musamman yaron da makarantarsa ba ta koyar da manyan darussan da zai nuna gwaninta da su. A 2024 Dartmouth, Yale, Brown, Harvard, Cornell da Stanford suka ba da sanarwar komawa, Yale kuwa ta yarda a kawo makin waɗansu jarrabawa dabam a madadin SAT ko ACT. Pennsylvania ta biyo baya a 2025.

Abin da Dartmouth ta gano shi ya fi dacewa malami ya yi tunani a kai. Shugabar makarantar ta sa malamai huɗu su duba takardun shekarun da aka bar wa yara zaɓi. Makarantar tana da hanyar ganin makin waɗansu da suka ce kada a duba nasu, bayan an gama zaɓe. Sai aka tarar yara da yawa daga gidajen talakawa da ƙananan makarantu sun sami maki wajen 1400, amma suka ɓoye. Sun ga an rubuta yawancin ɗaliban Dartmouth 1500 su ke da shi ko fiye, sai suka zaci nasu abin kunya ne. Ba su san masu zaɓe su kan gwada makin yaro da na makarantar da ya fito ba. Yaron da ya sami 1400 a makarantar da yawancin 'yan ajinsa ba su wuce 1000 ba ya nuna ƙwazo na ban mamaki, kuma da ya aiko da makin da ya ƙara masa damar shiga ƙwarai. Ɗan mai kuɗi yana da mai ba shi shawarar lokacin da zai nuna maki da lokacin da zai ɓoye. Ɗan talaka ba shi da kowa. Dokar da aka yi domin a taimake shi ita ta sa ya binne hujjarsa mafi ƙarfi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

8. Sauran ma'aunan fa?

In an kau da jarrabawa, nauyin zaɓe ya kan koma kan insha'i, da takardun shaida, da abin da a ke kira halin yaro. Su ma sai a bincike su. Chetty da abokansa sun gwada yara masu maki ɗaya daidai, suka ga ɗan gidan kashi ɗaya bisa ɗari mafi dukiya ya ninka ɗan matsakaicin gida damar zama ɗalibi a jami'o'in nan goma sha biyu, har da ɗoriya. Da suka bi diddigin fifikon da a ke ba su wajen zaɓe, suka sami hanya uku: gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da ɗaukar gwanayen wasanni, da babban matsayin da a ke ba 'ya'yan makarantun kuɗi wajen ayyukan bayan aji da hali. Ko ɗaya cikin ukun ba jarrabawa ba ce.

Tarihi ma yana da gargaɗi a nan. A 1922 Yahudawa sun wuce kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, gama suna cin jarrabawar shiga. Shugaban makarantar na lokacin, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu a fili, aka ƙi. Sai aka bi ta bayan gida. Aka ce daga yanzu za a riƙa duba hali da asali da kamannin mai nema, da haka aka rage su. Jerome Karabel ya ba da labarin nan filla-filla cikin littafinsa mai suna The Chosen, na 2005. Ma'aunin da ba a rubuta shi da lamba ba ya fi sauƙin murɗawa, domin ba wanda zai iya zuwa daga baya ya ƙirga ya ce an yi son kai.

9. Namu na gida

Mu ma muna da irin wannan ƙofa. An kafa hukumar JAMB a 1978, jarrabawarta kuwa darussa huɗu ce, maki 400. Bisa ga ƙa'idar jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na wurare na masu maki mafi yawa ne, 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilmin boko. Wannan kashi 20 ƙoƙari ne na duba gona tare da mudu. Sai dai jiha a ke dubawa gaba ɗaya, alhali cikin jiha ɗaya akwai ɗan da ya yi makarantar kuɗi a birni, akwai kuma wanda ya yi karatu a ajin da ba benci. Abin da Dartmouth ta gano yana nuna gwada yaro da makarantarsa ya fi kusa da gaskiya.

10. Abin da malami zai riƙe

Na farko, mu ba da maki da gaskiya. Malamin da ya ba kowa tamanin don tausayi ya kashe darajar shaidarsa, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne yaro mai ƙwazo wanda ba shi da wata shaida sai ta malaminsa.

Na biyu, kada mu karanta maki shi kaɗai. Hamsin da biyar na yarinyar da ke talla kafin ta zo makaranta, ba ta kuma da fitilar karatu da dare, yana iya fin saba'in na wani nuna basira. Mu rubuta wannan cikin rahotonmu, gama wanda zai karanta rahoton bai san gidansu ba.

Na uku, kada mu raba yara saboda bambancin maki biyu ko uku. Wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na huɗu sau da yawa ba abin da ya raba su sai sa'ar rana.

Na huɗu, mu tuna abin da jarrabawar shekara goma sha bakwai ke aunawa tun a aji ɗaya da aji biyu a ke shuka shi, watau karatu da fahimta da lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin firamare da ya tabbatar kowane yaro ya iya karatu sosai ya fi mai koyar da dabarun cin jarrabawa a watan ƙarshe amfani.

Na biyar, mu gaya wa yaro darajar abin da ya samu. Yaran nan da suka ɓoye 1400 ba ƙwazo suka rasa ba, mai faɗa musu suka rasa. A ƙauyukan da za a tura mu, wataƙila malami ne kaɗai zai iya ce wa yaro, makinka ya isa, nemi makaranta kaza.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

(a) Don me cikakken maki ba ya tabbatar wa mutum wuri a Harvard? Nuna da lissafi.

(b) Yaya za ka daidaita binciken Shikago na 2020 da na manyan jami'o'i na 2024?

(c) Yara biyu sun nemi wuri ɗaya. Ɗaya ya sami 280 a JAMB daga babbar makarantar kuɗi, ɗaya ya sami 250 daga makarantar da ba ta da malamin lissafi shekara biyu. Wanne za ka ɗauka, kuma wace hujja za ka ba iyayen wanda ka bari?

Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Gwajin kuwa a hannunmu zai kasance nan da 'yan watanni. Allah ya ba mu ikon riƙe mudu daidai, ya kuma ba mu idon ganin gonar da hatsin ya fito.